Ƙirjin Inna da Hadarin La'asar

Zafin Minna iri biyu ne, wanda ya tashi a nan ya sani. Akwai wanda ke busar da leɓe ya tsattsage diddige, wannan da sauƙi, inuwa na maganinsa. Sai kuma na bayansa, idan bazara ta nuna, iska ta tsaya cik ta yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo, zufa ta fito ta ƙi bushewa, mutum ya yi wanka kafin ya sa riga ya sake jiƙewa. Wannan ba ruwansa da inuwa. Har cikin ɗaki yake bin mutum ya zauna masa a ƙirji, ba ya ɗagawa sai hadari ya haɗu ya zubar da abin da ya ɗauko. Irinsa ake yi yau, ni kuwa ina zaune a ɗakin da ɗana ya gina mini, bulo da siminti da rufin kwano, taga ɗaya da aka gitta wa ƙarfe saboda ɓarayi, ita ma katangar maƙwabci take kallo. Fanka na rataye a sama, wuta babu. An hana ni fita da rana tun da ciwon fuka ya same ni da tsufa, saboda haka sama ma sai an ba ni labarinta.

Jikata ce mai kawo labarin. Takan leƙo da wayarta a hannu ta ce, “Kaka, sun ce yau akwai ruwa da tsawa bayan azahar, ki ajiye abin shaƙarki kusa.” Ba na raina wayar nan. Sau da yawa yadda ta faɗa haka ake yi, masu aikin sun san aikinsu, har yawan laimar da ke cikin iska suna aunawa su faɗa wa mutum tun kafin ya tashi daga shimfiɗa. Abin da kawai nake lura da shi, yanzu ba wanda ke taka ƙafa zuwa gidan wani don ya tambayi ko za a yi ruwa. Kowa da nasa a aljihu. A unguwarmu, Tudun Wadar da na sani, wannan tambaya ita ce ke buɗe ƙofofi da safe.

A lokacin kusan kowane gida da abin da yake shanyawa. Masu alabo, masu barkono, masu dafa kalwa don daddawa, masu rini, masu wanki da guga, masu bugun tubalin da ruwan la'asar ɗaya zai mayar musu da aikin mako laka. Saboda haka kowa ya koyi kallon sama, kuma kowa da nasa ma'aunin. Wata gishirinta take dubawa, in ta ga ya yi gumi a ƙoƙo ta ce yau ba ranar baza kaya ba ce. Wani ƙyauren katakonsa ne ke kumbura ya ƙi rufuwa. Makaɗin unguwa kalangunsa ke saki, sai ka gan shi yana gasa fatar a bakin murhun mai ƙosai yana ƙunƙuni. Kaji su buɗe baki su saki fuka-fuki a ƙarƙashin rumbu, tururuwa su yi layi da ƙwansu suna hawa bango, tsattsewa su sauko suna shawagi daf da ƙasa. Matan ƙauye da ke kawo doya da itace, kayansu a kafaɗa, sukan waiga bayan dutse su ce da juna yau a sayar da wuri a koma. Wata tsohuwa da muke katanga ɗaya da ita takan ce mana, in gari ya waye da zafi ko ganye ba ya motsi, kada wadda ta yi nisa da shanyarta bayan azahar. Ita ta nuna mini farin gajimaren da ke tasowa da hantsi kamar tulin auduga, ta ce in riƙa dubansa, in kansa ya baje gindinsa ya yi baƙi, to, ya gama shiri. Ta ce hadarin yamma yawanci ban tsoro ne, na gabas shi ne ba ya wasa.

Amma duk waɗannan alamu sukan yi ƙarya wani lokaci. Abin da unguwarmu ta fi yarda da shi, ƙirjin mahaifiyata ne.

Inna tana da ciwon fuka tun tana budurwa. Da sanyi lafiyarta ƙalau, ta yi daka ta yi tankaɗe ta je biki. Da zarar iskar bazara ta fara ɗaukar laima, sai numfashinta ya canza. Ranar da za a yi ruwa da la'asar, tun da asuba za ka ji wani siririn fito na fita daga ƙirjinta, kamar yaro na busa karan dawa daga nesa. Rana na ɗagawa fiton na ƙaruwa. Kafin azahar ta bar magana mai tsawo, ta zauna a bakin ƙofa ta dafa gwiwoyi, kafaɗunta na hawa suna sauka. Haka za ta yi ta fama har ruwa ya sauko ya wanke iska, sannan ka ga ta jingina da bango ta lumshe ido, ta ce a ba ta abinci. Mata suka gane haka. Da safe sai a yi sallama, a gaisa, a tambayi kwanan yara, sannan a zo kan abin da ya kawo mutum: “Yaya ƙirjin yau, Innar yara?” In ta ce da sauƙi, a je a baza alabo. In ta girgiza kai, a bar shi a buhu. Ba mugunta ba ce, suna ƙaunarta, mai daddawa ta kawo daddawa, mai wanki ya karɓi kayanmu ya wanke. Ita ma takan yi dariya ta ce ai gara ciwon ya yi wa wani amfani. Ni ce ban taɓa jin daɗin tambayar ba, don ni ke riƙe da mafici.

Ni ce babba, ni kaɗai ce mace, ƙannena maza ƙanana. Baba tela ne, mahaifinsa ya zo garin nan tun zamanin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ya zauna, shi kuma ya gaji zaure da keken ɗinki. Da bazara aikina sananne ne. In na dawo daga makaranta in ajiye allo da littattafai, in ɗebo ruwa a randa in yayyafa wa daɓen ɗaki don ya yi sanyi, in jiƙa tsumma in ɗora wa Inna a wuya, in dafa mata ruwan zafi da ganye ta shaƙi tururin, in zauna ina fifita har hannu ya sage in sauya ɗayan. Sa'o'ina suna can gindin mangwaro suna gaɗa, ina jin tafinsu. Ni kuwa idona na kan ɗan yankin saman da ake gani tsakanin katangarmu da jinkar ɗakin girki, ina roƙon Allah ya sa hadarin ya yi sauri. Duk da haka Inna ce ta tsaya kai da fata sai na yi boko. Ranar da na ce zan zauna gida saboda jikinta, da hannu take nuna mini ƙofa in maganar ta ƙi fita.

Yaran yanzu, in hadari ya taso, sai su rufe taga su ci gaba da kallon talabijin. Ba su san yadda unguwa guda ke tashi lokaci ɗaya ba, mata na kiran yara, ana kwasar shanya, ana kife turmi, ana jera bokitai da kwatanniya a bakin indararo, awaki na rububin shiga zaure. Ba su san ƙamshin ƙasa a ɗigon farko ba, don ƙasar ma an rufe ta da siminti. Itatuwan da ke fara sanar da mu zuwan iska an sare su an yi shaguna. Kwaɗin da ke cika kunne bayan ruwa, rabon da in ji su har na manta.

Shekarar da na gama firamare aka yi wata bazara mai tsanani. Kwana da kwanaki hadari na haɗuwa a gabas, ya yi baƙi, ya yi ruguguwa, sai ya watse ba ɗigo ko ɗaya. Kowace rana laimar na ƙaruwa a kan ta jiya. Tabarma in ka taɓa ta kamar an yayyafa mata ruwa, ashana ta ƙi kamawa. Inna ta bar kwanciya gaba ɗaya, a zaune take gyangyaɗi. Mata suka daina tambayar ƙirjinta, don daga ƙofar gida ana jin amsar.

Akwai wani dattijo a unguwar Ƙetaren Gwari, Kirista ne, manomi, ya yi aikin ba da magani a wani ɗan asibiti har ya yi ritaya. Muna ce masa Baban Ƙetare. Matarsa ce ke kawo wa Inna doya, ta haka aka saba. Yana da wani ƙaramin akwatin ƙarfe da yake ajiye allura, in ciwon Inna ya fi ƙarfin tururi da tsumma shi ake kira, ya zo a kekensa ya yi mata, numfashi ya dawo. Ranar da nake ba da labari, ana idar da sallar azahar Baba ya shigo ya dubi Inna, ya ga ko ruwa ta kasa haɗiya. Ya tsaya yana dubanta yana duban ƙofa. Shi kaɗai ke iya tallafe ta in ta sulale, ƙannena kuma ba su san hanya ba.

Ya ce da ni, “Maza ki je ki kira Baban Ƙetare. Kada ki tsaya ko'ina.”

Tsohuwar nan maƙwabciyarmu tana zaune kusa da Inna, ta ɗaga kai ta dubi gabas ta ce, “Malam, na yau ba irin na jiya ba ne. Kansa ya baje.”

Baba ya ce, “Na gani, Iya. To, ya za a yi?”

Na fita da gudu ko takalmi ban sa ba. Tsakaninmu da Ƙetaren Gwari akwai wani rafi, yanzu an ɗaure shi da siminti ya zama babbar kwata, motoci na bi ta kansa ba wanda ya san da shi. A lokacin yashi ne da duwatsu, da rani ɗan ruwan da ke ciki ko idon sawu bai kai ba. Na tsallake shi ban ma lura ba. Na sami Baban Ƙetare yana gyaran kunyar doya a bayan gidansa. Shi Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a wurinsa. Ya dube ni ya ajiye fartanya ya ce, “Mamanka ne? Yana iya magana?” Na ce a'a. Bai ƙara tambaya ba, ya wanke hannu, ya sa matarsa ta tafasa allurar, don ba ya yin ta sai an tafasa. Wannan jiran ruwa ya tafasa, ina tsaye ina sauya ƙafa, shi ya ba hadarin lokacin da yake nema.

Mun fito ke nan, yana tura keke ina biye, sai gari ya yi duhu kamar magariba. Wata iska mai sanyi ta bugo mu daga gabas, ta kwaso shara da ganye da yashi tana watsa mana a fuska. Na ga kwanon rufin wani gida ya tashi yana juyi a sama. Na ruga gindin wata babbar bishiya, ya fizgo ni ya ce ba a fakewa a nan in ana tsawa, ya ja ni zuwa rumfar wani mai injin niƙa, inda mutane suka cunkushe. Sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. In ka yi magana ba ka jin kanka. Da ya ɗan tsagaita muka fito muka nufi rafin, tun daga nesa muka fara jin ƙararsa.

Ban gane wurin ba. Inda na taka yashi ɗazu, jan ruwa ne ke gudu yana tumbatsa, ya kwaso duk abin da ya sauko daga kan duwatsu, rassan itace, kwanduna, wata akuya tana juyawa ƙafafu sama. Mutane sun yi cirko-cirko a gaɓa biyu. Daga inda nake tsaye ina hango kan itatuwan unguwarmu. Na tattare zane na nufi ruwan. Baban Ƙetare ya riƙe mini wuyan hannu, riƙon manomi, wanda ba a ƙwacewa.

Na ce, “Baba, ka sake ni, na san inda duwatsun suke.”

Ya ce, “Dutse yana ƙasa, ruwa yana sama. In ka shiga, mamanka zai rasa numfashi, zai rasa yaro. Tsaya nan.”

Na yi kuka, na roƙe shi, na ce to ya ba wani saurayi akwatin ya haye. Ya ce ko an haye da shi wa zai yi allurar? Muka zauna a kan wani dutse, yayyafi na sauka a kanmu, akwatin na cikin rigarsa, hannuna na cikin nasa. Sai na fara lallashin kaina. Na ce masa ai ruwa ya sauka, Inna kullum in ruwa ya sauka takan sami sauƙi, watakila yanzu haka tana neman abinci. Shi mutum ne da bai iya faɗin abin da bai yarda da shi ba, ko don ya kwantar wa yaro hankali. Ya ce, “Ruwa yana taimako. Amma wannan iska da ya zo kafin ruwa, shi ne mugu ga mai fuka. In ya tsallake wannan, ya tsira. Mu yi addu'a, kai da naka, ni da nawa.”

A nan na gane cewa abin da zai faru ya riga ya faru, can a ɗakinmu, lokacin da nake maƙale a rumfar mai niƙa. Ko tana da rai ko babu, amsar na nan a ƙetaren ruwa, kusa ƙwarai, ni ce kawai ba ni da hanyar zuwa in ji. Na yi shekaru a duniya, na ga haihuwa na ga mutuwa, ban taɓa zaman da ya kai wannan tsawo ba. Ina kallon wani reshe da ruwan ya rufe, ina jiran ya fito. Aka kira la'asar a unguwarmu ina ji. Rana ta leƙo ta ƙarƙashin gajimare ta yi ja. Sai daf da magariba ruwan ya ja baya ya dawo iya ƙugu, samari suka shiga suka riƙe hannun juna daga gaɓa zuwa gaɓa, ana bi ta jikinsu. Baban Ƙetare ya bar kekensa a nan, ya ɗora akwatin a ka, muka haye.

Da muka shiga lungunmu na hango takalman mata jibge a ƙofar zaure. Na tsaya a bakin ƙofa. Baban Ƙetare ne ya tura ni ciki. Tsakar gida cike da mata. Tagar ɗakin Inna a wangale, Baba ya ɓalle ƙyaurenta da tabarya don iska ta shiga. An kife turmi an ɗora matashi, Inna ta kifa ƙirji a kai, Baba na riƙe da kafaɗunta, leɓɓanta sun yi baƙi, fiton ma ya daina fita, sai wani ɗan motsi a maƙogwaro. Baban Ƙetare ya durƙusa ya yi mata allura, ya sa yatsu a wuyan hannunta, ya ce kowa ya fita. Ni ban fita ba. A hankali fiton ya dawo, siriri, sannan tari, sannan ta ja wani dogon numfashi har haƙarƙarinta suka buɗe. Ta buɗe ido ta daɗe tana dubana. Abin da ta fara faɗa shi ne, “Kin jiƙe. Je ki sauya zane.”

Washegari ina shara tsohuwar maƙwabciyarmu ta ce mini, “'Yar nan, jiya da iskar ta taso sunanki ta yi ta kira har muryar ta ɗauke.” Na san don in san ana ƙaunata ta faɗa. Amma maganar ta shige ni ta zauna. Duk daminar nan ban iya nisa da gida ba. In an aike ni kasuwa idona na gabas. In gajimare ya taso, ko rabin cefane na yi sai in juyo. Ko da ranar da sama take tas, in na kai bakin rafin nan sai in tsaya ina duban gabas kafin in haye.

Ana cikin haka labari ya zo an ɗauke ni makarantar horon malamai mata, can nesa, tafiyar jirgi. A duk lungunmu ba a taɓa samun yarinyar da ta kai nan ba. Inna ta fi kowa murna. Ta sa Baba ya ɗinka mini kayan makaranta, ita ta zauna ta yi musu kalmasa da hannu. Ta aika Zungeru aka kira Gwaggo, ƙanwar Baba da mijinta ya rasu, ta zo ta zauna da mu don ta karɓi aikina. Ta sa na koya wa Gwaggo yadda ake jiƙa tsumma da irin ganyen da ake dafawa. Baban Ƙetare ya ce daga yanzu in ya ga alamar hadari mai nauyi, ba sai an aiko ba, zai hayo tun da hantsi. Komai an shirya, ba a bar mini wata ƙofa ba. Na ce da Inna ko a bari sai baɗi. Ta ajiye allurar ɗinki ta ce, “Saurara. Ni tun ban kai shekarunki ba ciwon nan ya shata mini iyaka, daga ɗaki zuwa tsakar gida, daga tsakar gida zuwa ɗaki. Ban taɓa shiga jirgin nan ba. Ke ƙirjinki lafiya lau. Ba za mu zauna mu biyu a ɗaki ɗaya muna jiran hadari ba.”

Ranar tafiya ta faɗo a ƙarshen damina, lokacin da zafin nan mai laima ke dawowa, ruwan bankwana na zuwa da tsawa da iska. Gari ya waye ganye ba ya motsi. Da na shiga yi wa Inna sallama na kasa kunne, na ji ɗan siririn fito, kaɗan ne, amma yana nan. Ta lura ina saurare, ta yi gyaran murya ta rufe shi da magana, ta sa mini albarka, ta ce in riƙa sallah a kan lokaci. Baba ya ɗauki akwatina ya raka ni tasha. Ya samar mini wuri kusa da taga, ya damƙa ni a hannun wata mata mai tafiya hanya ɗaya, ya tsaya ya tsaya, da jirgin ya ƙi tashi ya ce zai koma, ya bar zaure a buɗe. A lokacin jirgi kan daɗe a tashar Minna, ba mai ce maka ga dalili.

Cikin taragon kamar tanda. Jarirai na kuka, mata na fifita da gefen mayafi, zufa na bin bayana. Tagar da nake zaune gabas take kallo. Ina gani farin gajimare ya taso daga bayan dutse, yana hawa, yana kumbura. Na kau da kai, na sake dubawa. Na ce wa kaina Gwaggo na nan, Baban Ƙetare ya yi alkawari. Matar da ke kusa da ni ta miƙo mini gyaɗa ta ce, “'Yan mata, lafiya kike haki haka?” Ashe ni ce ke numfashi sama-sama. Na ga kan gajimaren ya fara bajewa. Na tuna in jirgin nan ya motsa, ba rafi ne zai shiga tsakaninmu ba, wanda mutum zai zauna a gaɓarsa ya jira ya janye. Ban san lokacin da na jawo akwatin daga ƙarƙashin kujera ba. Matar tana kirana, na sauka, na ɗora shi a ka, na kama hanyar gida.

Na tarar da Inna zaune a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faifai, Gwaggo na hura wuta, Baban Ƙetare kuma ga kekensa jingine a zaure, yana ciki suna hira da Baba. Ya cika alkawari. Numfashinta da ɗan nauyi, amma irin wanda ta saba ɗauka ne. Ta ɗaga kai ta ga akwati ta ga ni. Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ta ce, “Jirgin ya lalace ne?”

Na ce, “A'a. Hadari na gani.”

Ta ajiye faifan a hankali. Ta ce, “Ni ɗaure ni aka yi. Ke da ƙafarki kika dawo.”

Ban sake samun wannan dama ba. Baba ya yi ƙoƙari a mayar da ni, na ƙi, har gurbin ya tafi ga wata. Na yi aure a lungu na biyu daga gidanmu, inda in na tsaya a ƙofa ina hango katangarmu. Inna ta rayu har ta goyi 'ya'yana, kuma da ajalinta ya zo ba fuka ce ta ɗauke ta ba, zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, da sanyi. Ba ta ƙara tayar da maganar makaranta ba, ni ma haka.

Hadarin ranar kuwa bai zubar da komai a Minna ba. Ya yi baƙi, ya yi ƙugi, ya zagaye gari ya wuce wajen Zungeru. Ina tsaye a tsakar gida, akwati a gabana, ban san inda zan ajiye shi ba, sai muka ji kukan jirgi daga tasha, dogo, sannan ƙarar ƙafafunsa a kan ƙarfe, a hankali, yana ƙara sauri. Gwaggo ta bar hura wuta. Inna ta ɗaga hannu alamar kada wanda ya yi magana.

Ta ce, “Ji jirginku can.”

Muka saurara, ni da ita, har ya ɓace.